Kwakwar Bayan Tsohon Bene

Labasa, 3 ga Maris, 2003

Zuwa ga taubashiyata Torika,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da yaran. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar Inna da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu. Na ga mahaifiyarki a coci ranar Lahadi. Ta ce in gaya miki rigar sanyin da kika aiko ta iso, amma ba ta san ranar da za ta sa ta a garin nan ba. Matata Losana tana gaishe ki.

To ga labari. Za a rushe benen ofishinmu. Ranar Alhamis da ƙarfe goma da kwata shugaban ƙungiyar manoman kwakwa ya tara mu ya faɗa mana, aka yi ta tafi. Ni ma na tafa. Kin san halin da ginin yake ciki. A hawan sama bokiti bakwai muke jerawa idan ruwa ya sauko, kowane da wurinsa, ni na zana musu da'ira da alli a ƙasa don kada a ruɗe. Matakala ta goma sha uku har yanzu tsallake ta ake yi. Fankar ɗakin fayil kuwa, shekara ashirin da biyu ina ƙarƙashinta, ban taɓa jin iskarta ba, kukanta kawai na sani.

Sabon zai yi hawa huɗu, gabansa duk gilashi, da lif, da na'urar sanyaya ɗaki. An ce ɗakin fayil zai samu kabad masu tafiya a kan dogo kamar jirgin ƙasan ɗaukar rake. Kafin a gama za mu koma saman wani shagon yadi kusa da kasuwa. Ni aka ɗora wa kwashe takardu. Na ƙirga kabad arba'in da ɗaya, na sake ƙirgawa na samu arba'in da biyu, na uku ya ba ni arba'in da ɗaya. Gobe zan sake.

An manna zanen sabon ginin a ƙofar shiga. Ɗakin gadin da mahaifinki, Kawu Waisale, ya zauna da ku babu shi a ciki, wannan na yi tsammani. Filin baya zai zama wurin ajiye motoci goma sha shida. Na duba zanen sau uku, har na aro tabarau. Bishiyar kwakwata ba ta ciki.

Ba wani abu ba ne. Na ga dai ya kamata ki sani.

Naki,
Ilaitia

Griffith, 24 ga Maris

Taubashi, sarkin ƙirga,

Muna lafiya. Yaran sun fi ni tsawo, sun kuma fi ni baki. Aikin lemo ya ɗan lafa, sai hunturu ya shigo za mu koma tsayuwar yini a bakin injin tantancewa. Ka gaishe da Gwaggo Litiana, ka ce mata ta daina zuwa gonar gwaza da wannan ƙafar.

Na karanta wasiƙarka a wajen cin abinci, na yi dariya har wata 'yar ƙasar Tonga da muke aiki tare ta tambaye ni ko aure aka yi mini. Shafi biyu kana ba ni labarin bokiti da fanka, sai a can ƙarshe, kamar mai ɓoye kifi a ƙarƙashin rogo, ka ce wai ba wani abu ba ne. Ilaitia, na san ka tun kana cin ƙasa. Wannan bishiyar ce kake yi wa sallama kowace safiya kafin ka gaishe da shugabanka.

To barka da shigowa cikinmu, mu marasa bishiya. Ni da ɓera ya gudu da cibiyata ina jaririya ga ni nan ina yawo a ƙasar mutane, ban mutu ba. Kai da aka binne taka da kwakwa a kanta, ka kafe a taku ashirin daga gindinta shekara ashirin da biyu. Wataƙila idan aka sare ta ka iya zuwa ko da Savusavu ne ka ga teku.

Amma idan abin ya dame ka, kai ba bebe ba ne. Ka sayi saiwar yangona mai kyau, irin wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taron manya, ka ɗaura zanenka na coci, ka je wurin mai ginin ka roƙa kamar yadda iyayenmu suke roƙo. Wanda ya karɓi yangona ba ya sallamar mutum hannu wofi. Sai dai na san kafin ka buɗe baki an gama hawa na biyu.

Taka,
Torika

Labasa, 14 ga Afrilu

Torika,

Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi. An yi ruwa kwana huɗu, kogin ya cika amma bai shigo gari ba.

Kabad arba'in da biyu ne. Akwai wani ƙarami a bayan ƙofar ɗakin ajiya na sama, wanda idan ƙofar tana buɗe ba a ganinsa. Makullinsa ya ɓata tun kafin a ɗauke ni aiki. Na bar shi sai ƙarshe.

Na bi shawararki, rabi. Ranar Asabar na sayi yangona a kasuwa, ta shekara biyar, mai kauri. Mai kula da aikin wata injiniya ce daga babban birni, Suva, Urmila Deo, tana zama a wani ɗakin ƙarfe da aka ajiye a bakin titi. Ga abin da littafina ya ce. Litinin: na je ƙofar, na ji tana waya, na dawo. Talata: na je, ta fito da hular kwano a kanta ta ce ko akwai matsala, na ce ina neman mai shara. Laraba: ban je ba. Yangonar tana cikin jakata, duk ofis ana jin ƙamshinta, har mai buga takardu ta tambaye ni 'yar wa zan nema.

Abin da ke tsayar da ni shi ne wannan. Me zan ce? Mace mai digiri, da zane a hannu, in tsaya a gabanta in ce ta sauya ginin hawa huɗu saboda guntun fatar jariri da ya ruɓe tun 1962? Ni ma na yi makaranta har aji shida na sakandare. Na san babu abin da ya rage a ƙasan nan. Amma tun da aka manna zanen na koma gida sau biyu in duba ko na kulle ƙofa, ranar Juma'a kuma na sa fayil ɗin manoman Wainikoro a gurbin na manoman Dreketi, abin da ban taɓa yi ba. Tsofaffi suna cewa wanda cibiyarsa ba ta kwanta ba, hannunsa ba ya zama, kullum yana laluben abin da bai sani ba. Idan da bishiyar a tsaye haka nake, yaya zan zama idan ta faɗi?

Ke abin dariya ne a wurinki. Ban ga laifinki ba. Wadda ba ta taɓa samun bishiya ba, ba za ta san yadda rasa ta yake ba.

Ilaitia

Labasa, 9 ga Yuni

Taubashiyata,

Ina fatan kina lafiya. Na ce ina fata ne domin ban sani ba. Mako takwas ke nan. Na je gidan waya sau goma sha ɗaya, har mai rabon wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na kwafe wasiƙata ta baya a littafina kamar kullum, na sake karanta ta, na ga layin ƙarshe. Losana ta karanta ta ce, "Wannan ba wasan taubasai ba ne, mari ne." Idan shi ne, ki yafe mini. Ban auna shi ba kafin in rubuta, ni da nake auna komai.

Ko kina fushi, ya kamata ki ji cewa na je. Ranar 20 ga Mayu, ƙarfe biyu da rabi. Na ɗaura zanen coci, na shiga ɗakin ƙarfen, na bar kujerar da ta nuna mini na zauna a ƙasa. Na ajiye yangonar a gabana, na tafa sau uku, na fara jawabin da na haddace. A tsakiya ya ɓace mini ƙaf. Sai kawai na ce mata akwai kwakwa a baya, kawuna ne ya shuka ta a kan cibiyata lokacin yana gadin ginin, kuma ban san yadda zan zo aiki ba idan babu ita.

Na jira dariya. Sai ta cire hular kwanon, ta sauko ta zauna a ƙasa ita ma, ta ɗora hannu a kan yangonar ta karɓa yadda ake karɓa, ba kuskure ko ɗaya. Ashe a Seaqaqa ta tashi, cikin gonakin rake. Ta ce, "Tawa tana ƙarƙashin mangwaro, a gonar da yanzu ba tamu ba ce. Idan na wuce a mota ina rage gudu."

Gaskiya ta gaya mini: bishiyar ba za ta tsaya ba. Magudanar ruwa ta nan za ta bi, kuma kwakwa mai wannan tsawo ba a ajiye motar mutane a ƙarƙashinta. Amma ta jawo zanen ta nuna mini wani ɗan fili mai kusurwa huɗu a gaban ƙofar shiga, inda aka shirya dasa wata bishiyar ado daga waje. Ta ja layi a kanta da jan biro, ta rubuta kwakwa. Ta ce in zaɓi ƙwallo ɗaya daga bishiyata in tsirar da shi, in kuma ɗebi ƙasar gindin yadda nake so. Idan ta girma ta fara jifan mutane, wannan matsalar wani injiniya ce, ita ta yi ritaya.

Za a sare ranar 30 ga wata. Na fita daga ɗakin na manta takalmina a ƙofa, sai da ta aiko mini da su.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Ilaitia

Griffith, 22 ga Yuni

Ilaitia,

Muna lafiya. Sanyi ya shigo, lemo ya nuna, hannuwana sun tsage. Wannan shi ne uzurin da na shirya maka, kuma gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni rubutu ba.

Layin nan ya same ni. Na yi mamakin kaina. Tun ina 'yar shekara biyar ake cewa Torika ba ta zama wuri ɗaya saboda ɓera ya tafi da cibiyarta. Idan na fasa kofi, ɓera. Da na bar makaranta, ɓera. Ranar da zan hau jirgi ma sai da wata tsohuwa ta faɗa. Ni nake fara yin dariyar don kada a riga ni. Amma a ɗakin gadin nan na girma, taubashi. Ni nake share gindin bishiyar kowace safiya, ni nake zuba mata ruwan wanke-wanke, kuma duk wanda ya zo sai Baba ya ce, ga kwakwar Ilaitia. Kai kuwa kana ƙauye sai hutu kake zuwa, a sare maka ɗanya ka sha, ni in tsaya ina kallo. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu na gaya maka, ya wuce. Na yafe.

Ka zauna a ƙasa a gaban injiniya! Da na san za ka iya, da na sayi tikiti na zo kallo. Na karanta wa 'yar Tongan nan wurin takalman, ta ce a gaishe ka.

Abu ɗaya nake so. Kafin a sare, ka sa a ɗauki hotonta. Ba don ni ba, yaran ne ba su taɓa ganin inda na tashi ba.

Taka, duk da halinka,
Torika

Labasa, 7 ga Yuli

Torika,

Kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso ranar 2 ga wata. Ki zauna kafin ki ci gaba da karanta wannan. Zan bi abin daki-daki, in ba haka ba zan rikice.

Ranar 26 ga Yuni na gama da kabad arba'in da ɗaya. Saura ƙaramin nan na bayan ƙofa. Na sa kafinta ya ɓalle shi. A ciki akwai rasitan sayen fitila, da tsohuwar tocila, da littafin waƙoƙin coci da ruwa ya taɓa. A aljihun sama, can ciki, akwai ambulan ruwan ƙasa irin na ofis, an naɗe shi da zaren buhu. A bayansa da fensir, da rubutun Kawu mai kwanciya hagu, an sa: "Ta ɗan Litiana. A shuka ranar Asabar."

Na buɗe. Ƙyalle ne fari, a cikinsa wani ɗan abu baƙi, busasshe, bai kai kan ɗan yatsa ba. Na zauna a kan kwali na kusan rabin awa. Kafinta ya ɗauka ciwo ne ya kama ni.

Da aka tashi aiki na hau bas zuwa wurin mahaifiyarki. Na same ta tana kankare kwakwa a tsakar gida. Na ajiye ambulan ɗin a kan tabarma. Ta dube shi, ta goge hannu, ta ce, "A ina ya ɓuya, ɗan banza? Waisale ya neme shi har ya mutu."

Ga yadda aka yi. Inna ta zo gari ta haife ni, ta zauna a ɗakin gadi har cibiyar ta faɗi, ta damƙa wa yayanta ta koma ƙauye. Kafin Asabar ɗin kogi ya shigo gari. Kawu ya kwashe abin da zai iya ya hau sama da shi, ya cusa ambulan ɗin a inda ruwa ba zai kai ba. Da ruwa ya janye aka yi ta jan kabad ana wanke ɗakuna, ya rasa wanne ne. Bayan mako uku aka haife ki. Taki ya binne, ya dasa kwakwa a kai, da hannunsa, mahaifiyarki tana tsaye. Sai ga Inna ta zo ganin jaririya, ta hangi sabon tsiro, ta ce, "Yaya, ta ɗana ce wannan?" Kin san yadda Kawu yake a gaban ƙanwarsa, ko ido ba ya haɗawa da ita. Kin kuma san ɗan 'yar'uwa ba a hana shi komai a gidan kawunsa, ko alade ya nuna sai a kama masa. Ya ce e. Daga nan aka nemo ɓera aka ɗora masa laifi.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce mijinta ya ba da kyauta, ita wace ce da za ta karɓo? Sai ta ce in rubuta miki cewa duk safiyar da kike share gindin nan, ita tana sane da abin da kike sharewa. Ta ce sauran za ta faɗa miki da bakinta.

Inna kuwa da na kai mata labari ta yi dariya har ta riƙe ƙafarta mai ciwo. Ta ce shekara arba'in da ɗaya cibiyata tana cikin kabad ɗin ofis, don me za a yi mamakin yadda na fito? Ta ce ba abin da nake yi tun da na fara aiki sai buɗe aljihun kabad ina rufewa, ashe nemanta nake. Daga baya ta yi kuka kaɗan saboda yayanta.

Saboda haka, taubashiya, bishiyar taki ce. Na sha ɗanyar kwakwarki shekara da shekaru kina kallo. Na zauna a ƙasa na manta takalmina saboda cibiyarki. Kuma na rubuta miki cewa ba ki taɓa samun bishiya ba.

An sare ta ranar 30 da ƙarfe tara saura minti goma. Na tsaya a madadinki, mahaifiyarki ma ta zo da rigar coci. Hoton da kika roƙa na riga na sa an ɗauka tun kafin wasiƙarki ta zo, guda uku, ga biyu a ciki. Na ɗebi ƙasar gindin buhu ɗaya. Na zaɓi ƙwallo uku maimakon ɗaya, ko da wani zai ƙi, na sa su a cikin bokitan da muke tarar ruwa da su. Ɗaya ya riga ya tsage, ya fito da ɗan kore. Injiniya Urmila ta zo ta duba, na gaya mata duk labarin, ta ce ita dai filin da ta ba da ta ba da, mu daidaita a tsakaninmu.

Wani abu kuma. Tun ranar 26 ban koma duba ƙofa ba ko sau ɗaya. Ban san me wannan yake nufi ba. Wataƙila gajiya ce.

Yanzu ki faɗa mini yadda za a yi. Filin naki ne, tsiron naki ne. Ni ambulan kawai gare ni.

Naki,
Ilaitia

Griffith, 21 ga Yuli

Ɓarawon bishiya,

Muna lafiya. Na karanta a tsaye duk da ka ce in zauna, sai na tsinci kaina a zaune a kan kwandon lemo. Na yi kuka, na yi dariya, mai kula da mu ya ce in je gida. Na buga wa Mama waya, muka ɓata minti goma muna ta kiran sunan Baba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yanzu ba ni da uzuri. Shekara arba'in ina ɗora wa ɓera, ashe yawon nawa ne na kaina.

Hoton yana jikin firij. Ƙaramar 'yata ta ce bishiyar ta karkace. Na ce mata haka muke a gidanmu.

Ga hukuncina. Na nemi hutu a Disamba, an ba ni mako uku, zan zo da yaran. Ka gaya wa injiniyarka, ko gilashinta bai hau ba, ta bar mana wannan ɗan filin a buɗe. Rami ɗaya za a haƙa. A zuba ƙasata, a sa cibiyarka a ciki, a dasa tsiron a kai. Baba ya ba ka bishiyar, ni ba zan karɓe ba, amma wannan karon ɗanyar farko ni zan sha, kai ka tsaya kana kallo. Ka sayo yangona, mai kauri irin waccan, ka gayyaci Urmila. Ka zo da takalman da za ka iya tunawa da su.

Ambulan ɗin kuma, yau ɗin nan ka kai wa Gwaggo Litiana ta riƙe. Na san halinka. Idan aka bar shi a hannunka lamba za ka ba shi ka jera a sabon kabad, mu sake jiran shekara arba'in.

Taka, mai bishiya,
Torika